Tsoffin kundayen Kirista a cikin waya: tambayoyin da kuka fi yi min da amsoshinsu

Ina koyar da Helenanci na matakin farko a nan Jos, kuma tunda na fara nuna wa ɗalibai hotunan tsoffin kundaye a waya maimakon in riƙa ba su labari da baki, tambayoyi suka yi min yawa, wasu daga ɗaliban, wasu daga dattawan ikkilisiya, wasu ma daga maƙwabtana Musulmi da muke haɗuwa wajen mai shayi. Toh shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya in amsa. Ban bi wani tsari ba, yadda suka zo haka na jera su.

Malam, wai mene ne tsoffin kundayen nan da kake ta magana? Ba Baibul ɗin da ke hannunmu ba ne?

Kafin injin buga littafi ya fito a Turai wajen 1450, kowane littafi da hannu ake kwafarsa, mutum ya zauna da alƙalami da tawada ya yi ta yi wata da watanni. Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, kuma ainihin takardar da Bulus ko Luka suka taɓa da hannunsu babu ko ɗaya da ta rage, abin da muke da shi kwafi ne na kwafi. Na Helenanci kaɗai an yi wa kusan 5,800 rajista, wani cikakken littafi ne, wani ɗan guntu ne kawai, kaman wanda ake kira P52 da ke Mancesta a Ingila, tsawonsa wajen santimita 9 faɗinsa 6, ɗauke da ƴan ayoyi daga Yohanna sura 18, yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 2. Wata cibiya a garin Munsta na Jamus ce ke riƙe da rajistar, Kurt Aland ya kafa ta a 1959. Ban da waɗannan akwai na Latin, Suriyanci, Kibɗanci, Armeniyanci, da Gi'iz na Habasha. Kuma ba Baibul kaɗai ba ne, akwai wa'azozi, littattafan addu'a, waƙoƙi, wasiƙun bishof-bishof, labaran shahidai.

Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda cikakkensa ya fara fitowa a 1932, fassara ce. Masu fassara na yanzu suna aiki da bugun Helenanci wanda masana suka tace daga cikin kundayen nan.

Toh me kwamfuta ta canza a ciki? Ai littattafan suna nan tun da.

Suna nan, amma wa ke ganinsu? A 1845 wani masani ɗan Ingila, Samuel Tregelles, ya je Roma takanas don ya duba Kodeks Batikanus, kundin ƙarni na 4, shi da kansa ya ba da labari cewa sai an laluba aljihunsa an raba shi da alƙalami da takarda kafin a bar shi ya buɗe, in ya daɗe yana kallon waje ɗaya a karɓe littafin. Yau Batikanus ɗin nan gaba ɗayansa yana kan intanet, ka buɗe ka ja hoton ka ƙara masa girma har ka ga inda alƙalami ya yi tsalle.

Labarin Kodeks Sinaitikus ya ma fi wannan. Shi ma na ƙarni na 4 ne, kuma shi ne mafi tsufan cikakken Sabon Alkawari da muke da shi. Da can yana gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sinai a Masar, sai wani Bajamushe mai suna Tischendorf ya zo a 1844 ya tafi da falle 43 zuwa Laifzig ta Jamus, ya dawo a 1859 ya tafi da mafi yawan sauran zuwa Rasha, har yau ana gardama kan aro aka ba shi ko kyauta. A 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Birtaniya a kan fam 100,000. A 1975 kuma sufayen suka gano wasu fallaye da suka rage a wani ɗaki. Kenan littafi ɗaya ya rabu gida huɗu, Landan, Laifzig, San Fitasbag da Sinai, wanda yake so ya karance shi duka sai ya nemi bizar ƙasa huɗu. A 2009 wuraren huɗu suka haɗa kai suka ɗora hotunan a shafi ɗaya, tare da rubutun da aka kwafa harafi da harafi a gefe, in ka taɓa kalma a kwafin sai ta haskaka a jikin hoton. A da abin da ke tsakaninmu da kundayen nan biza ne da kuɗin jirgi da wasiƙar wani farfesa. Yanzu abin da ya rage data ne da wuta, sai kuma iya karatun, wanda shi ne babba kuma shi ne mutane ba sa son ji.

Ni ina Bukuru, ƙaramar waya gare ni. Da gaske zan iya gani?

Za ka iya ɗan'uwa. Ka rubuta Codex Sinaiticus a Google, shafinsa zai fito, ka zaɓi littafi da sura da aya. Na Batikan suna DigiVatLib. Akwai CSNTM, wata cibiya a Teksas da Daniel Wallace ya kafa a 2002, su yawo suke ƙasa ƙasa suna ɗaukan hoton kundayen Sabon Alkawari. Sai na Munsta da ake kira NTVMR, wannan ya fi daɗi a laftof gaskiya, a waya yana matsewa. Hotunan suna da nauyi, kada ka yi ta buɗe shafi bayan shafi da datar dubu ɗaya, ka zaɓi shafi guda ka zauna a kansa.

In ka buɗe Sinaitikus abin da zai fara ba ka mamaki shi ne layi huɗu a tsaye a yawancin shafuka, duka manyan baƙaƙe, babu tazara tsakanin kalma da kalma, babu lambar sura babu ta aya, sabida waɗannan daga baya can aka ƙirƙiro su. Za ka ga wasu kalmomi an gajarta su an ja ɗan layi a samansu, sunan Yesu harafi biyu kawai, haka Allah, haka Ubangiji, haka Almasihu. A gefe kuma ga ƙananan rubutu da wata tawada daban, gyare-gyaren waɗanda suka zo baya ne, kuma a wannan kundin dubbai ne. Wani wajen ma za ka ga ƴar ɓula a jikin fatar da aka yi rubutun a kai, tun daga jikin dabbar, marubucin ya zagaye ta ya ci gaba da aikinsa. Gani ya kori ji.

Na ji wai har rubutun da aka goge ana karantawa. Wannan ba ƙari ba ne?

Ba ƙari ba ne, kuma ni nan ne wajen da ya fi burge ni a harkar gaba ɗaya. Fata tana da tsada, babban kundi guda yana cin garke guda na dabbobi, shi ya sa in littafi ya tsufa ko an daina jin harshensa sai a kwance shi a kankare rubutun a sake wani a kai, kaman yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubutu, kuma in ka duba allon da kyau ai inuwar na jiya tana nan. Matsalar ita ce inuwar shekara dubu ido ba ya kama ta sosai.

Mutanen ƙarni na 19 maganin da suka samo shi ne shafa sinadari. Haka aka yi wa Kodeks Ifraimi da ke Faris wajen 1834, Baibul ne na ƙarni na 5 da aka kankare a ƙarni na 12 aka rubuta wa'azozin Ifraimu na Suriya a kai, rubutun ƙasan ya ɗan fito amma shafukan suka yi dabbare-dabbare, ɓarnar tana nan har yau. Yanzu ba a taɓa shafin da komai. Ɗaki ake rufewa ya yi duhu, a kafa kyamara a sama, a riƙa haska shafin da fitila kala-kala ɗaya bayan ɗaya, tun daga hasken da ya wuce shunayya wanda ido ba ya gani har zuwa wanda ya wuce ja, kowane haske da hotonsa, shafi ɗaya hotuna gommai. A ƙarƙashin wani hasken fata tana walƙiya amma inda tsohuwar tawada ta taɓa zama ya ƙi walƙiya, ya yi duhu. Sai kwamfuta ta ɗora hotunan kan juna ta rage ƙarfin rubutun sama ta fito da na ƙasa, sau da yawa a ba shi launin ja don ido ya raba su.

Tsakanin 2011 da 2016 an yi wannan aikin a Santa Katarina a kan kundaye 74, shafi wajen 6,800, aka samu rubuce-rubuce da harsuna iri-iri, ciki har da tsohon harshen Albaniyawan Kaukasas wanda kusan duk abin da aka sani game da shi daga kundayen gidan nan ne. A 2023 Grigory Kessel ya wallafa wani guntun Matiyu sura 11 da 12 na tsohuwar fassarar Suriyanci da ya gano a wani kundi a Batikan, fatar sau biyu aka kankare ta, Suriyanci a ƙasa, Helenanci a tsakiya, Jojiyanci a sama. Jaridu suka yi ta yaɗa cewa an gano ɓoyayyar sura ta Baibul, haba, ba sabuwar sura ba ce, Matiyu ne da muka sani, sai dai a wajen da almajirai suke zagar alkama ran Asabar wannan fassarar ta ƙara cewa suna murtsukewa da hannu.

Wani abin kuma, ba kullum rubutun Kirista ne a ƙasa ba. Wani littafin addu'a da aka gama kwafa a 1229, wanda aka yi gwanjonsa a 1998 kan dala miliyan 2, a ƙarƙashinsa lissafin tsohon masanin Helenawa Arkimidis ne, har da abin da babu shi a ko'ina. A 2022 kuma aka sanar an samu guntun lissafin taurari na Hifarkus, shi ma tsohon masanin Helenawa, a ƙarƙashin wani rubutun Suriyanci da ya fito daga Sinai. Sufayen ba su yi da niyyar adanawa ba, fata suke nema, amma da ba su sake amfani da ita ba da wataƙila ta ɓace tuntuni.

In littafin ya ƙone fa, ko ya manne ba ya buɗuwa?

Nan sai a koma irin na'urar da asibiti ke ɗaukan hoton cikin jiki da ita, sai dai mai ƙarfin gani fiye da ta asibiti. A 1970 an tono wani naɗaɗɗen littafi a En-Gedi kusa da Tekun Gishiri, ya ƙone ya koma gawayi, ko taɓa shi aka yi zai ruguje. Aka ajiye shi shekara 45, sai Brent Seales na jami'ar Kentaki da mutanensa suka yi manhajar da ke bin kowane naɗi a cikin hoton tana miƙe shi a kan kwamfuta, a 2015 aka karanta, farkon Littafin Firistoci ne. Wannan na Yahudawa ne amma dabarar ɗaya ce.

Na Kirista da ya fi jan hankali wata laya ce ta azurfa, santimita 3.5, da aka samu a 2018 a wuyan wani mamaci a kabarin zamanin Romawa a Farankfot ta Jamus, kabarin na tsakanin shekara ta 230 da 270. Ba a warware ta ba, da na'ura aka buɗe ta, aka samu layi 18 na Latin, ana kiran sunan Yesu Almasihu Ɗan Allah, har da kalmomin Filibiyawa 2:10-11. A Disamban 2024 aka sanar, kuma ita ce shaida mafi tsufa ta Kiristanci a arewacin tsaunukan Alf.

Ka yi haƙuri Malam, amma tunda kundayen sun bambanta, ba shi ke nuna an canza Baibul ba?

Ba sai ka ba ni haƙuri ba, tambaya ce mai kyau, kuma fastocinmu ma ya kamata su daina jin haushinta. Bambanci akwai, da yawa ma, masana suna maganar dubu ɗaruruwa. Duk inda dubban mutane suka kwafi abu da hannu cikin shekara sama da dubu dole a samu. Mafi yawansu rubutun kalma ne, ko an juya kalma biyu, ko idon marubuci ya tsallake layi sabida layuka biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya. Amma akwai manya da ba a ɓoye su. Markus 16:9-20 babu shi a Sinaitikus da Batikanus, labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11 babu shi a mafi tsufan kundaye, a Ru'ya ta Yohanna 13:18 wasu kundaye suna da 616 maimakon 666. Tun kafin kwamfuta an san waɗannan, Baibul da yawa sun sa bayaninsu a ƙasan shafi.

Abin da ya sake shi ne yanzu ba sai ka yarda da ni ba, ba sai ka yarda da mai wa'azin da ke cewa babu bambanci ko ɗaya ba, ba kuma sai ka yarda da mai cewa an sake komai ba. Buɗe ƙarshen Markus a Batikanus, za ka ga ya tsaya a aya ta 8, sai marubucin ya bar fili babu rubutu kafin ya fara Luka. Me ya sa ya bar filin, masana suna ta muhawara. Me wannan ke nufi ga bangaskiyar mutum, wannan kuma tsakaninsa da limaminsa ne, ni aikina in nuna maka shafin.

Wai yanzu kwamfuta ce ke zaɓan wane karatu ne daidai?

A'a, tana lissafi ne, mutane ke zaɓa. A Munsta wani masani Gerd Mink ya fito da wata hanya da ake kira CBGM a taƙaice. Ana shigar da rubutun kundaye da yawa, kwamfuta ta gwada kowanne da kowanne a kowane wajen da suka saɓa, ta faɗi kashi nawa cikin ɗari suka yi daidai, wanne ya fi kama da kakan wanne. Mutum ɗaya ko zai shekara ɗari ba zai riƙe wannan a kansa ba. Amma a kowane waje editoci ne ke zama su ce wannan karatun ne ya haifi wancan, kwamfuta ta ɗauki hukuncinsu ta nuna musu ko ya yi karo da sauran. Da bugu na 28 na Nestle-Aland, wato bugun Sabon Alkawari na Helenanci da masana ke aiki da shi, ya fito a 2012 an ga sakamakon a wasiƙun Yakubu, Bitrus, Yohanna da Yahuza, misali Yahuza aya 5 yanzu tana cewa Yesu ne ya ceci jama'a daga Masar, inda bugun baya ke cewa Ubangiji. Akwai masanan da ba su gamsu da hanyar ba, kuma ni ma ina ganin ƙorafinsu na cewa mutane kaɗan ne suka fahimce ta sosai yana da ƙamshin gaskiya.

Tunda ga AI, ba sai in huta da wahalar Helenanci ba?

Ɗalibaina kullum sai sun yi min wannan, musamman in jarrabawa ta matso. Ƙirƙirarriyar basira tana aiki a fannin, ba musu. Akwai Transkribus da eScriptorium, manhajoji da ake koya wa karanta rubutun hannu, ka kwafa musu shafuka da kanka daidai, su koyi hannun marubucin, su ci gaba da sauran, kai kuma ka bi baya kana gyara. A 2021 masana a Goroningen na Holan sun sa kwamfuta ta auna harafin alef na Ibrananci sama da 5,000 a babban naɗin Ishaya, ɗaya daga cikin tsoffin littattafan Yahudawa da aka samu a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, ta nuna marubuta biyu ne suka yi shi, hannunsu ya yi kama ƙwarai. Amma ka lura, duk wanda ya koya wa na'urar ya iya karatun, wanda zai kama kuskurenta ma dole ya iya. Sannan manhajojin AI masu hirar nan da kuke tambaya a waya, in ka tura musu hoton shafin da ya dushe suna iya rubuto maka ayar kaman yadda take a bugun zamani, su share maka ainihin bambancin da ka zo nema, cikin ladabi da tabbaci kuwa. Ka zo aji ran Litinin.

An turo min bidiyo a WhatsApp wai an gano Baibul mai shekara 1,500 a Turkiyya, Linjilar Barnaba, an rubuta da zinariya. Gaskiya ne?

Wannan labarin tun 2012 yake yawo, duk bayan ɗan lokaci sai ya dawo da sabuwar murya. Masu jin Suriyanci da suka duba hotunan da aka yaɗa sun karanta cewa rubutun yana maganar shekara ta 1500 ne ta Ubangijinmu, ba wai littafin ya shekara 1,500 ba, sun kuma nuna kurakuran rubutu a ciki. Ita Linjilar Barnaba da aka sani, kundinta na Italiyanci yana Biyana ta Ostiriya kuma na ƙarshen ƙarni na 16 ne, sai wani na Sifaniyanci. Kada a haɗa ta da Wasiƙar Barnaba, wannan daban ce, tsohuwa ce ƙwarai, tana ma cikin Sinaitikus bayan Ru'ya ta Yohanna, kowa zai iya buɗewa ya gani.

Kuma kada wani ya ɗauka mutanen WhatsApp kaɗai ake yaudara. A 2012 wata farfesa ta jami'ar Habad a Amurka, Karen King, ta sanar da wani guntun Kibɗanci inda Yesu ke cewa matata. An kai shi ɗakin gwaji, takardar ta fito tsohuwa da gaske, tawadar ma ba a kama ta da laifi ba. Waɗanda suka tona asirin masu karatu ne zaune gaban kwamfuta. Andrew Bernhard ya lura cewa guntun ya maimaita wani kuskuren bugu da ke cikin wata fassarar Linjilar Toma da aka ɗora a intanet. A 2014 Christian Askeland ya duba hoton wani guntun Yohanna da ya zo tare da shi, hannu ɗaya, ya ga an kwafo shi daga wani littafi da aka buga a 1924, ana ɗaukan layi ɗaya a tsallake ɗaya. A 2016 ita kanta farfesar ta amsa cewa alamu sun nuna jabu ne. Kun ga intanet ce ta ba ɗan damfara kayan aiki, ita ce kuma ta kama shi. A 2020 gidan tarihin Baibul na Washintan ma ya sanar cewa guntaye 16 na naɗin Tekun Gishiri da yake da su duk jabu ne. In aka turo maka irin wannan, ka tambaya wane ɗakin karatu yake, mece ce lambarsa, wa ya wallafa shi, ina hoton shafukan. In babu amsa kada ka tura wa kowa.

Duk Turai da Masar kake ta kira. Mu baƙar fata ba mu da komai a ciki?

Masar ai Afirka ce ƴar'uwa, kuma busasshen yashinta ne ya adana kusan duk mafi tsufan guntayen da muke da su. Ka gangaro Sudan akwai rubuce-rubucen Kiristocin Nubiya da harshensu. Habasha kuwa sai dai a yi shiru, Bisharun Garima da ke wani gidan sufaye kusa da Adwa a Tigrai, gwajin kabon, wanda ake gano shekarun abu da shi, ya sa su tsakanin shekara ta 390 da 660, suna cikin mafi tsufan Bisharu masu zanen hoto a duniya, kuma suna hannun masu su har yau. Wasu kuma ba su tsira ba, a 1868 sojojin Birtaniya sun kwashe ɗaruruwan kundaye daga Makdala, da yawansu suna Landan. Sa hotonsu a intanet abu ne mai kyau amma ba shi ne mayar wa mutum kayansa ba, wannan ra'ayina ne.

Akwai wani ɗakin karatu na sufayen Benedikti a Minesota, HMML, tun 1965 suke ɗaukan hoton kundaye, sun yi aiki a Habasha a shekarun 1970 da ƙaramin fim, daga baya suka koma dijital. Tsarinsu shi ne su ba mutanen wajen kyamara da horo, littafi ya zauna inda yake. A Iraƙi sun yi aiki da Fada Najeeb Michaeel, wanda a Agustan 2014 ya loda kundaye a mota ya gudu da su daga Karakosh da ISIS ta matso. Tun 2013 kuma suke ɗaukan hoton kundayen Musulunci na Timbuktu da aka kwaso zuwa Bamako, kun ga sufayen Kirista da iyalan malamai a aiki ɗaya.

Mu nan Arewa Kiristanci bai daɗe haka ba, mishan ɗin SIM 1893 ne, na SUM 1904, don haka babu kundin ƙarni na 4 a Gindiri. Amma muna da rajistar baftisma ta farko, da littattafan waƙa na hannu, da wasiƙun masu bishara na farko, suna cikin akwati a ofishin ikkilisiya gara na ci. Gidan tarihi na Jos ma yana da tarin kundayen Larabci da Ajami. Waya mai kyamara mai kyau da hasken taga da tebur a miƙe sun isa a fara, a ɗauka shafi bi shafi har da bango, a rubuta sunan ikkilisiya da shekara, a ajiye kwafi a waje biyu.

In an ɗauki hoto ai shikenan, ko na asalin ya lalace ba damuwa ko?

Akwai damuwa. A Oktoban 2023 masu kutse sun afka wa Laburaren Birtaniya, hotunan kundayensu suka sauka daga intanet wata da watanni, masu bincike a duniya suka yi cirko-cirko. Hoto ma yana mutuwa in ba a biyan kuɗin ajiyarsa ana sauya masa mazauni. Sannan akwai abin da hoto ba zai faɗa maka ba. Gwajin kabon sai da ɗan yankin fatar. A Yok ta Ingila masana sun gano cewa in ka goga magogin fensir a hankali a jikin shafi, ɓurɓushin da ya fito ya isa a gane fatar maraƙi ce ko tunkiya ko akuya. Wanda ya ɗauki hoto a 1975 bai san za a zo da wannan ba.

Ana biyan kuɗi?

Waɗanda na ambata kallo kyauta ne, wasu sai ka yi rajista da imel. In za ka buga hoton a littafi ne ake neman izini, wani lokaci da kuɗi.

Ina so in shiga wannan fannin sosai. Ta ina zan fara?

Da harshe. A nan Filato ba mu da uzuri, ga TCNN a Bukuru, ga JETS a Farin Gada, ga seminarin Santa Agustin, makarantun tauhidi ne da harsunan Littafi Mai Tsarki ke cikin karatunsu. In ka samu shekara guda ta Helenanci, ka buɗe Yohanna sura 1 a Sinaitikus, ka ajiye bugun zamani a gefe, ka ɗauki biro ka kwafi layi goma kullum yadda ka gan su, kada ka gyara wa marubucin komai ko ka ga ya yi kuskure, daga baya ka gwada da kwafin da ke shafin. Manyan baƙaƙen nan sati kaɗan za ka saba da su, masu wuyar su ne na ƙarni na 9 zuwa sama da ake haɗa haruffa ana gajartawa, waɗannan kada ka fara da su. In hannunka ya faɗa, shafin Munsta yana karɓan masu sa kai, akwai hotuna da yawa da ba a riga an rubuta wace aya ke wane shafi ba, aiki ne da ɗalibi zai iya daga ɗakinsa. Wanda kuma yake son wajen da ba cunkoso, ya nemi Kibɗanci ko Gi'iz, sabida kundayen da aka ɗauki hotonsu sun fi masu iya karanta su yawa nesa ba kusa ba. Masu zuwa ajin Asabar ku zo da waya a cike da caji, da biro da littafin rubutu mai layi, Markus 16 za mu buɗe.